Sharhi: Idon kyamara da amanar da ke wuyan mai hoto

Duk wanda ya je dandalin da ke gaban tagwayen benayen Petronas a Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya, bayan sallar magariba, zai tarar da ɗaruruwan baƙi suna fama da matsala guda. Tsayin benayen ya kai mita 452, hawa 88 kowannensu, kuma da wuya mutum ya tsaya a gindinsu ya samu kansa da ƙololuwarsu a hoto ɗaya. Wasu kan durƙusa, wasu su kwanta rigingine, wasu kuma su yi ta ja da baya har bakin titi. Wannan matsala ce ta buɗe wa wasu samari ƙofar neman abinci. Shekara da shekaru suna sayar wa baƙi ɗan ƙaramin gilashin da ake maƙala wa wayar hannu domin ya ƙara mata faɗin gani, ko kuma su ɗauke su hoto a biya su, har ta kai ga hukumar birnin ta kai musu samame a shekarar 2025 saboda rashin lasisi da takura wa jama'a.

Abin da baƙin nan ke gano wa idanunsu shi ne darasin farko a sana'ar ɗaukar hoto, wato gilashin da ke gaban kyamara, ko idon kyamara, shi ke yanke hukuncin abin da zai shiga hoto da abin da za a bari a waje. Da milimita ake auna shi, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin ganinsa. A kyamara mai girman tsohon fim na milimita 35, ido mai milimita 24 yana kwaso kimanin digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 35 digiri 63, mai 50 digiri 47, mai 85 kimanin 28, shi kuwa mai 200 digiri 12 kacal. Saboda haka wanda ke riƙe da mai milimita 50 sai ya yi nisan fiye da rabin kilomita kafin benayen Petronas su shiga hotonsa baki ɗaya, alhali mai riƙe da na 24 zai iya tsayawa a tazarar mita 150 ya ɗan ɗaga kyamararsa.

Kowane mai hoto da idon da ya karɓe shi, kuma galibi akwai hujja a cikin zaɓin. Masu ɗaukar gine-gine sun fi son ido mai faɗin gani, daga milimita 14 zuwa 24, domin da shi ne ake iya kwaso zauren Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 1965, ko benen Merdeka 118 mai tsayin mita 678.9, wanda shi ne na biyu a tsayi a duniya. Aibinsa shi ne yakan karkatar da gini tamkar zai faɗi ta baya, ya kuma miƙe fuskar duk wanda ya tsaya a gefen hoto.

Masu ɗaukar fuskokin jama'a, musamman a wurin biki, sun fi karkata ga mai milimita 85 zuwa 105. Dalili kuwa shi ne yana tilasta wa mai hoto ya tsaya a tazarar mita biyu ko uku, inda hanci da kunnuwa ke fitowa daidai yadda Allah Ya halicce su. Wani bincike da wani likita na jami'ar Rutgers a Amurka ya jagoranta, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa hoton da aka ɗauka a tazarar santimita 30 yakan ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari in an kwatanta da wanda aka ɗauka a tazarar mita ɗaya da rabi. Shahararren hoton nan na wata yarinya 'yar gudun hijirar Afghanistan, wanda Steve McCurry ya ɗauka a Pakistan a 1984, ya kuma fito a bangon mujallar National Geographic a watan Yunin 1985, da ido mai milimita 105 aka ɗauke shi.

Su kuwa masu ɗaukar wasanni babu makawa sai sun yi dakon dogon ido mai jawo nesa kusa, daga milimita 200 zuwa 600, domin babu mai barinsu su shiga tsakiyar filin ƙwallo na Bukit Jalil ko hanyar tseren babura ta Sepang. Haka abin yake a ƙasar Hausa ranar hawan Sallah. Idan mahaya suka sako dawakai a guje domin yin jafi a gaban sarki, mai hoton da ke son ransa daga nesa zai tsaya.

Akwai kuma ido mai milimita 50, wanda ya fi sauran daɗewa a hannun 'yan jarida. Da shi kyamarar Leica ta shigo kasuwa a Jamus a 1925, kuma shi Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin hotuna na Magnum a 1947, ya riƙe a mafi yawan aikinsa. Ga araha, ga rashin nauyi, ga shi kuma yana gani a cikin duhu: wanda ƙofar haskensa ta kai lamba 1.8 yana shigar da hasken da ya kusa ninka sau goma na idon da ake haɗowa da kyamara daga kanti, idan an zuƙo shi ya tsaya a lamba 5.6. Shi ya sa ake yawan ganinsa a kasuwannin dare na Jalan Alor da Petaling. An kuma daɗe ana ƙera irin na kamfanin Canon a nan Malesiya, don haka ba abin mamaki ba ne mai hoton biki a Kano ko Maraɗi ya juya nasa ya ga sunan ƙasar a jiki.

Da a ce maganar ta tsaya a kan sha'awa, da babu ruwan mai karatu da ita. To amma zaɓin ido yana tafe da zaɓin wurin tsayawa, wurin tsayawa kuwa shi ke sauya ma'anar hoto. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar unguwar Kampung Baru, wadda kogin Klang da wata babbar hanyar mota ne kawai suka raba ta da benayen Petronas. Tun a shekarar 1900 Turawan mulkin mallaka na Ingila suka keɓe wurin domin manoma 'yan ƙabilar Malay, kuma har yau akwai gidajen katako na gargajiya a cikinta, a kan filin da ke cikin mafiya tsada a ƙasar. Gwamnatoci sun sha yunƙurin sake gina unguwar. A 2019 an yi wa masu filayen tayin ringgit 850 a kan kowace ƙafa murabba'i, daga baya aka ƙara zuwa 1,000, amma cinikin bai faɗa ba, kuma daga cikin dalilan akwai yadda gado ya rarraba filayen a tsakanin dubban magada.

Hoton gidan katako da benaye a bayansa ya zama tambarin wannan taƙaddama a jaridun duniya. Sai dai lissafi kaɗan ya isa ya nuna yadda mai hoto ke da hannu a ciki. A ɗauka ga gida mai tsayin mita 6, benayen kuma suna kilomita ɗaya a bayansa. Idan mai hoto ya tsaya mita 20 daga gidan da ido mai faɗi, benen zai fito bai wuce tsayin gidan sau ɗaya da rabi ba. Mai kallo zai ga unguwa a sake, da itatuwa da sararin samaniya, birni kuma can nesa. Idan kuwa ya ja da baya mita 200 ya ɗora dogon ido, benen zai ninka gidan fiye da sau goma sha biyu, ya tsaya a kansa tamkar zai danne shi. Gida ɗaya ne, rana ɗaya ce, babu wanda ya taɓa hoton da kwamfuta, amma na farko yana ba da labarin unguwar da ke zaune lafiya, na biyu kuma labarin unguwar da kwananta ya ƙare. Mai son a rushe da mai son a bari, kowa zai samu hoton da zai kafa hujja da shi.

An ga irin wannan a ƙasar Denmark a lokacin annobar korona a 2020, yayin da hotunan cunkoso suka riƙa tayar da hankalin jama'a. Kamfanin dillancin hotuna na Ritzau Scanpix ya tura ma'aikatansa biyu cikin birnin Copenhagen suka ɗauki mutane ɗaya a lokaci guda, ɗaya da dogon ido, ɗaya da mai faɗi. A hotunan farko mutanen sun fito a cakuɗe, kafaɗa da kafaɗa. A na biyu sai ga tazara sosai a tsakaninsu, kamar yadda hukuma ta umarta.

Mai karatu a Najeriya ko Nijar ya san wannan wasa ko da bai san sunansa ba. A duk lokacin yaƙin neman zaɓe, hoton taron jama'a kan zama makami. Mai hoton ɗan takara kan hau mota a ƙarshen titi ya ɗora dogon ido, sai mutum dubu biyu su cika hoto maƙil babu masaka tsinke. Abokin hamayya kuma ya hau bene kafin a gama taruwa, ya ɗauka da ido mai faɗi, sai a ga fili fayau da 'yan tsirarun mutane. Kafin magariba hotunan biyu sun zagaye Facebook da WhatsApp, kowane ɓangare na rantsuwa da nasa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma wannan yarda da aka yi wa ido ita ce ake ci da gumi.

Saboda haka ra'ayin da ya fi kusa da gaskiya shi ne na tsofaffin 'yan jaridar da suka riƙe mai milimita 35 ko 50 a matsayin idon aiki na yau da kullum. Waɗannan idanu ba su fi sauran tsarki ba, domin da su ma ana iya yanke abin da ba a so a gani. Falalarsu ita ce suna nuna girman abubuwa da tazarar da ke tsakaninsu kusan yadda mutumin da ke tsaye a wurin zai gan su, sannan suna tilasta wa mai hoto ya matso. Wanda ya matso kuwa dole ya yi sallama, a gan shi, a san da zuwansa, wanda ba ya so a ɗauke shi ya samu damar cewa a'a. Robert Capa, abokin Cartier-Bresson a Magnum, ya shahara da ra'ayin cewa rashin matsowa ne ke ɓata hoto. Malick Sidibé na ƙasar Mali, wanda ya samu babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice a 2007, ya yi suna ne da hotunan samari da 'yan matan Bamako da ya ɗauka yana tsakiyarsu a wuraren shagali, sun san shi ya san su. Dogon ido kuwa yana ba mutum damar ɗaukar talaka a ƙofar gidansa daga tsallaken titi, ya tafi bai san sunansa ba, bai ji ta bakinsa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Masu kare dogon ido suna da tasu hujjar, kuma ba ta wasa ba ce. Sukan ce matsowa kan sauya halin mutane, domin da zarar an ga kyamara sai a gyara tsayuwa, yara su yi dafifi, abin da aka zo ɗauka ya watse. Sukan kuma ce a wurin jana'iza, ko sahun salla, ko taron mata, tsayawa nesa shi ne ladabi, a wurin tarzoma kuwa shi ne tsira da rai. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a jefar da dogon ido. A lokacin bikin Thaipusam na mabiya addinin Hindu a kogon Batu, arewa da Kuala Lumpur, ba kullum mai hoto ke samun damar kutsawa cikin masu ibada a kan matakala 272 ba, wani lokaci dole ya hango su daga ƙasa. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya san cewa na'urarsa tana matse tazara, kada ya sayar da wannan matsi a matsayin labari.

Nauyin bai tsaya a kan mai hoto shi kaɗai ba. Editan da ya karɓi hoton taro ko cunkoso ko gini mai barazana ga unguwa, wajibinsa ne ya tambayi inda aka tsaya da idon da aka yi amfani da shi, bayanin idon kuwa yana rubuce a cikin bayanan da kyamarorin zamani ke ajiyewa tare da kowane hoto. Inda yawan jama'a shi ne labarin, kamata ya yi a buga hotuna biyu, na kusa da na nesa, a kuma faɗi lokacin da aka ɗauka. Makarantun koyon aikin jarida, daga Jami'ar Bayero ta Kano har zuwa Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, inda ɗaliban Najeriya da dama suka yi karatu, ya dace su koyar da wannan a darasin ɗa'ar aiki, kafaɗa da kafaɗa da haramcin ƙirƙirar magana a bakin mutum.

Shi ma mai karatu yana da rawar takawa, musamman a yau da wayoyin hannu da yawa ke ɗauke da idanu biyu ko uku a bayansu. Zai iya gwadawa da kansa a ƙofar gidansa: ya ɗauki layin masu sayen ƙosai daga kusa, sannan ya ja da baya ya zuƙo su, ya ajiye hotunan biyu gefe da gefe. Wanda ya yi haka sau ɗaya, idan aka turo masa hoton taron siyasa ko na wata unguwa da ake shirin rushewa, zai fara tambayar inda mai hoton ya tsaya kafin ya tura wa wani.