Tabar Wiwi Da Gigin Tsufa

 Maganar da na ɗauko wannan mako ita ce wadda ta fara yawo a bakin samari, wai Turawa sun gano tabar wiwi maganin gigin tsufa ce. Ina so mu tankaɗe ta, mu raba gari da tsaki.

Gigin tsufa dai kowa ya san shi. Tsoho ya ci tuwo ya ce an hana shi, ya fita ƙofar gida ya kasa komowa, ya dubi ɗan cikinsa ya tambayi sunansa. Wasu su ce sammu ne, marasa tausayi har su ce maita ce. Alhali kuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irinta mafi yawa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 57 a 2021, maganin da ke warkar da ita kuwa ba a samu ba tukuna.

To, ina wiwi ta shigo? A 1964 Raphael Mechoulam da abokin aikinsa, a ƙasar Isra'ila, suka ware sinadarin da ke sa maye a cikinta, watau THC. Daga baya masana suka tarar ashe jikin mutum da kansa yana yin wani abu mai kama da shi, ƙwaƙwalwa kuma tana da wuraren karɓarsa, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Aka kuma lura a jikin tsofaffin dabbobi wannan aiki raguwa ya ke yi. Don haka malaman Jami'ar Bon ta Jamus suka samo ɓeraye, masu wata 2, da masu wata 12, da masu wata 18, suka riƙa ba su THC ɗan kaɗan ƙwarai har mako huɗu. Labarin ya fito a 2017: tsofaffin suka koma riƙe hanya kamar yara. Amma ga wurin da samarinmu ke tsallakewa, ƙananan ɓerayen da aka ba, basirarsu ja da baya ta yi!

Ɓera kuwa ba mutum ba ne. Da aka zo kan mutane, abin bai yi armashi haka ba. A Holan, a 2015, an gwada tsofaffi 50 har mako uku, wasu aka ba su THC, wasu ƙwayar da ba magani a ciki, ba a ga bambanci ba. A Toronto ta Kanada, a 2019, an gwada mutum 39 da wata ƙwaya mai suna nabilone, wadda a ke haɗawa a ɗakin magani don ta kwaikwayi THC. Tashin hankalinsu da faɗa sun ragu, amma kusan rabinsu barci ya yi ta ɗibarsu. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne, wanda ya taɓa kwana yana tsaron tsohon da ke neman fita tsakar dare ya san daɗin barci. Duk da haka kwantar da hankali daban, komo da tunanin da ya ɓace daban, na biyun nan ba gwajin da ya nuna shi ga ɗan Adam.

Abin da na ke tsoro shi ne wani ya ji rabin labari ya dafa wa kakarsa ganye a shayi. Likitocin nan awo su ke yi da ma'auni mai ƙanƙanta, suna tsaye kan majinyaci. Ƙullin da a ke sayarwa a bayan tasha ba wanda ya san ƙarfinsa, tsohuwa kuwa in jiri ya ɗebe ta ta faɗi, karayar ƙugu ce, da wuya ta sake tashi. Ga kuma doka, tun 1966 Nijeriya ta tsananta hukunci kan wiwi, a 1989 aka kafa hukumar NDLEA.

Wanda tsohonsa ya fara ruɗewa, musamman in farat ɗaya abin ya zo, ya kai shi asibiti a duba. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko wani maganin da ya ke sha, waɗannan kuwa likita yana iya musu.

Naku,
Wani Akawu