Raddi Ga Mai Cewa A Haramta Irin TELA

Wani malami ya yi kira ga manoman Saulawa da Makarfi da Kudan su guji duk irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, gwamnati kuma ta haramta shi. Niyyarsa mai kyau ce, hujjojinsa ne ba su zauna ba.

Ya ce babu dokar da ke kula da wannan iri. Akwai. A 2015 aka kafa hukumar NBMA da dokar majalisa, aka yi wa dokar gyara a 2019. Sai da izininta aka saki waken SAMPEA 20-T a 2019, masarar TELA kuma a Janairun 2024. Ko Majalisar Wakilai da ta nemi a dakata a Mayun 2024, bincike ta nema, ba ta soke dokar ba.

Ya ce irin Turawa ne. Rabin gaskiya. Ƙwayar da ke kashe tsutsa daga kamfanin waje ta zo, amma a cibiyar IAR ta Samaru, nan kusa da mu, aka haɗa ta da irinmu aka gwada.

Inda ya fi zamewa shi ne cewa irin ba ya tsirowa karo na biyu. Yana tsirowa. Waken ana ajiye shi a sake shukawa kamar kowane wake. Masarar kuwa mai aure ce, kuma duk wanda ya taɓa ɗebo mai aure daga rumbu ya shuka ya san abin da ke biyo baya: ta fito, amma zangarniyar ta ƙanƙance, buhu ya ragu. Wannan hali ya girmi TELA da shekaru masu yawa.

Burkina Faso da ya kafa hujja da ita ta bar audugar Bt, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta, a 2016, haka ne. Dalilinta gajartar zare ne, wanda ya karya mata farashi, ba wata cuta a jikin mutane ba.

Abu guda na ba shi gaskiya, kuma shi ya kamata ya riƙe. Doka ta ce a sa alama mai saye ya san abin da ya saya. To wace alama ce a jikin tiyar masara a kasuwar Makarfi? Wa ke duba dilan da ke rina hatsi da jan launi, ya ƙulla a leda, ya ce TELA ne? Aikin NBMA da hukumar iri ta ƙasa ke nan, kuma haramci ba zai kawo jami'i ko ɗaya Makarfi ba.