Hannu Na Saƙa, Ƙafa Na Motsi

Duk wadda ta taɓa tasowa daga Gagarawa Tasha, ko Sule Tankarkar, ko Maigatari zuwa babban asibiti a Kano ko Dutse, ta san zaman ya fi tafiyar gajiyarwa: a jira mota ta cika, a sha hanya, a kuma bi layin ganin likita. A ra'ayina, ya kamata mai juna biyu ta jefa ulu da kwarashi a jaka, ta cinye wannan lokaci wajen saƙa wa jaririnta safa da hula.

Wasu za su ce ba a yi wa wanda bai iso ba tanadi, wasu kuma kunyar cikin fari ce ke hana su. To, amma sanyi ba ya jiran ranar suna. Jariri sabon haihuwa yana saurin rasa ɗumin jikinsa, musamman bakwaini da wanda aka haifa da hunturu. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a goge shi nan take, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a jinkirta wanka har awa 24. Hula da safa suna ƙara taimakawa.

Sai dai kada aikin hannu ya sa a manta da ƙafa. Ciki yana sa jini saurin daskarewa, kuma binciken da hukumar ta fitar a 2007 ya nuna cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka haɗarin gudan jini a jijiya. Don haka, 'yar'uwa, duk layin da kika gama saƙawa, ki juya idon sawunki, ki motsa yatsun ƙafa. In mota ta tsaya, ki sauka ki ɗan taka. Kada ki ƙi shan ruwa don gudun fitsari.

Kwarashi ya fi dogayen alluran saƙa aminci idan direba ya taka birki ba shiri. In kin ji jiri ko tashin zuciya, ki ajiye saƙar, ki dubi nesa. In akwai bel, ya bi ta ƙasan ciki, ba ta kansa ba.

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, tana zafi da ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti mafi kusa, kada a tsaya sai ranar awo.

Maigida kuma, kuɗin ulu bai kai na magani ba. Ka saya mata, ka nema mata kujerar da za ta miƙe ƙafa. Allah ya sauke ku lafiya, amin.