Rigar Sanyi da Kukan Zomo

Jama'ar Yangoji, hunturu ya shigo, 'yan gwanjo sun baje rigunan sanyi. Kafin ku biya, ku duba rubutun da ke wuyan rigar. In kun ga angora, gashin zomo ne, kuma mafi yawansa daga China yake fitowa. A 2013 ƙungiyar PETA ta fitar da bidiyon gonakin can: a ɗaure zomo a kan katako, a fige shi da ransa yana ihu, gashi ya sake tsirowa a maimaita. Alhali almakashi ya isa, sai dai figaggen gashi ya fi tsada. Mu dai ba ma saye.

Wani zai ce ina ruwanmu da zomon China. To, mu waiwayi gida. Wa bai ga yaranmu suna ɗaga zomo ta kunne ba? Ko kaji a rataye kai ƙasa a bayan mashin, cikin rana, har kasuwar Kwali? Masu kiwo, a sa su a kwando, a ba su ruwa. Wanda ya ƙi, maganarsa za ta zo taron ƙungiya.