Takardun da ke Ƙasan Adaka



Idan dattijo ya rasu aka buɗe adakarsa, mukan tarar da tsofaffin takardun ajiyar kuɗi, sai gardama ta tashi tsakanin magada. Wasu takardun tun na 1961 ne, shekarar da gwamnatin Nkrumah ta kafa ajiyar dole, ana yanke kashi 5 cikin 100 na albashin ma'aikata a matsayin rance ga ƙasa.

Kada mu sa rai da yawa a kan irin waɗannan. Canjin kuɗi na 2007 ya mai da sidi 10,000 sidi ɗaya. Tsohon sidi 500 ya koma pesewa biyar ke nan, ko kuɗin mota daga Aboabo zuwa Adum bai kai ba.

Inda ya kamata mu dage shi ne asusun banki da aka manta. Bisa dokar bankuna ta 2016, asusun da ya shekara biyar ba motsi ana miƙa kuɗinsa ga Babban Bankin Ghana, kuma haƙƙin mai shi bai faɗi ba. Magada su je bankin da mamacin ya yi ajiya, riƙe da takardar shaidar mutuwa da takardar kotu ta kula da gado. A yi wannan kafin a kira malam rabo, domin matan mamaci da marayu suna da kasonsu a ciki.