Makin da ɗalibin likitancin haƙori ke ba kansa

A makarantar likitancin haƙori ta Jami'ar Harvard da ke Amurka, ɗalibi ba ya taɓa bakin majinyaci sai ya daɗe yana aiki a kan haƙoran roba da aka dasa a bakin mutum-mutumi. Zai fafe kogo, ya cike shi, sannan a miƙa masa takardar da malamai ke amfani da ita wajen ba da maki, a ce ya auna aikinsa da kansa. Daga baya malamai su auna wannan haƙorin, a kwatanta makin biyu. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da masu bincike suka sa wa ido, kuma abin da suka gano ya isa ya tayar da hankalin duk mai zama a kujerar likita: ɗaliban da aikinsu ya fi rauni su ne suka fi kai makinsu sama, ƙwararrun ajin kuwa sukan tsaya kusa da makin malamai, wani lokaci ma su rage wa kansu.

Wannan ba sabon labari ba ne. A 1999 David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell sun nuna cewa ɗaliban da suka zo a ƙasa, waɗanda kashi 12 cikin 100 kawai suka fi, sun ɗauka sun fi kashi 62. Akwai masu cewa lissafi ma na da hannu a ciki, tunda wanda ya ci 95 ba shi da sauran wurin zuzuta kansa. Gaskiya ne, amma bai kawar da matsalar ba. Idon da ke gane aiki mai kyau shi ne idon da ke gane kuskure, kuma wanda ya rasa na farko ya rasa na biyu. A 2006 wata bita da mujallar JAMA ta wallafa kan likitocin da ke bakin aiki ta tarar cewa a gwaji 13 cikin 20, yadda likita ke ganin kansa bai yi daidai da yadda masu sa ido suka auna shi ba.

Inda zancen ya ƙara armashi shi ne da aka tsallaka teku. Da aka kwatanta ɗaliban Amurka da na Japan, an ga tazarar ta fi ƙanƙanta a wurin ƴan Japan. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna lura cewa tarbiyyar Japan na koya wa yaro neman aibinsa kafin ya nemi yabo, ta Amurka kuwa na koya masa yarda da kansa. Haka kuma tsakanin maza da mata: bitar da Danielle Blanch-Hartigan ta yi a 2011 kan ɗaliban likitanci ta nuna mata sun fi maza rage wa kansu maki. Matsakaici ne na jama'a da yawa, ba hukunci a kan kowace ɗaliba ba.

A nan ne mai karatu Bahaushe zai iya gaggawar yanke hukunci, ya ce ai dama yabon kai jahilci ne, a koya wa ɗalibai kunya kawai a huta. Wannan kuskure ne. Ɗalibar da ta yi aikin maki 16 cikin 20 ta rubuta 11 don kada a ce ta cika baki, ba ta fi wanda ya yi aikin 9 ya rubuta 14 iya awo ba. Kowannensu ya kauce da maki 5. Kuma rashin yarda da kai na da tasa ɓarnar. Likitan da ke shakkar kogon da ya fafe daidai zai koma ya ƙara fafewa, alhali abin da injin ya ci daga haƙori ba ya sake tsirowa. Ko kuwa ya tura majinyaci babban asibiti kan abin da zai iya gamawa cikin rabin awa, mutum ya biya kuɗin mota zuwa Damagaram ko Yamai a banza. Wanda ya cika yarda da kansa shi kuma zai bar ciko mai gefe a buɗe, abinci ya riƙa maƙalewa, bayan watanni haƙorin ya sake ruɓewa a ƙarƙashinsa.

Ga ƙasa irin Nijar, inda likitocin haƙori ba su da yawa kuma akasarinsu na manyan birane, batun ya fi nauyi. Wasunsu a waje suka yi karatu, a Dakar da makamantanta, kowa da irin tarbiyyar makarantarsa. Sabon likitan da aka tura asibitin jiha zai iya kasancewa shi kaɗai ne a fanninsa, ba babban da zai leƙa bakin majinyaci ya ce a sake. Alƙalinsa ɗaya ne, wato shi kansa.

Don haka ya kamata makarantu su ɗauki auna kai a matsayin darasi da ake koyarwa, ake kuma ba shi maki. Bai isa a tambayi ɗalibi ko yana ganin ya yi ƙoƙari ba, domin amsar da zai bayar daga gidansu ya zo da ita. A tambaye shi milimita nawa zurfin kogon, ko gefen cikon ya manne, ko ya ƙwarzani haƙorin da ke maƙwabtaka. A rubuta tazarar makinsa da na malami a kowane gwaji tun daga shekarar farko ta aikin hannu, a duba ko tana raguwa. Su ma malaman sai an fara daidaita awonsu a kan haƙori ɗaya kafin su zauna da ɗalibai, domin idan malami biyu suka ba aiki guda 12 da 17, ɗalibin ba shi da ma'aunin da zai gwada idonsa da shi.