Filin Masu Mota: Kafin a Sauke Bwat Otomatik

A wannan mako filin zai tsaya kan wata matsala da ta daɗe tana cinye kuɗin masu tsofaffin motoci a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, har Yamai, wato lalacewar akwatin giya mai sauya kansa, wanda makanikai ke kira bwat otomatik. Bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati da matsakaicin ɗan kasuwa, sai aka koma ga na hannu waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Cikinsu akwai Mercedes 190, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, kuma wasu har yau suna kan hanya. Da ita za a yi misali.

Abin da aka saba gani shi ne, da zarar mota ta fara jinkirin tashi ko fizga, sai makaniki ya ce bwat ta mutu, a sauke ta. Mai mota kuwa ba shi da ta cewa, tunda bai san abin da ke ciki ba. Alhali sau da yawa ciwon yana waje, kuma maganinsa bai wuce ƴan jikkuna ba.

Ya kamata a fara sanin cewa wannan bwat da ƙarfin mai take aiki. Tsakaninta da inji akwai wani rufaffen tulu cike da mai. Inji yana juya man, man kuma yana tura fukafukan da ke juya bwat. Akwai kuma famfo mai matsa man, ya bi ta wani faranti mai ƙananan hanyoyi kamar gidan gara, ya je ya damƙe fayafayai da ɗamarun da ke riƙe kowace giya. Ke nan man shi ne hannun da ke sauya giya. In ya ragu, ko ya ƙone, ko an zuba wanda ba nata ba, dole aiki ya rikice.

Saboda haka bincike daga mai yake farawa. Ana auna shi ne inji yana aiki, ya yi zafi, mota tana tsaye a wuri mai daidai, sandar giya a kan P. Wanda ya auna inji a kashe ya ruɗi kansa. Lafiyayyen mai ja ne kamar zoɓo. In ya yi baƙi yana ƙauri, fayafayai sun fara ƙonewa. In ya koma kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga ta wurin da ake sanyaya man cikin lagireto, kuma gyaran bwat ba zai yi amfani ba sai an gyara can. Man da aka tanadar mata shi ne irin Dexron. Masu zuba man inji, ko wani jan mai na kwalba da aka saya bakin hanya don sauƙin kuɗi, su tuna araha ba ta ado.

Bayan mai sai wani siririn tiyo da ya taso daga inji zuwa wani ɗan gwangwani a gefen bwat. Ta nan bwat ke sanin nauyin da inji ya ɗauka. Zafin ƙasarmu yana busar da robar, ta tsage, sai giya ta riƙa shiga da ƙarfi kamar harbin jaki. In kuma tantanin da ke cikin gwangwanin ne ya yage, injin mai aiki da fetur yana zuƙe man bwat ya ƙone shi: farin hayaƙi a baya, mai yana raguwa, ba a ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Haka ma wayar da ta haɗa totur da bwat, in ta saki ko ta yi tsauri, giya takan shiga da wuri ko ta makara. Akwai kuma ciwon da aka san wannan bwat da shi: mota ta yi baya lafiya, amma ta ƙi gaba. Galibi wani fistan ne mai suna B2 ya karye, kuma ana kai gare shi ta gefe ba tare da an wargaza komai ba.

Sai an gama duk wannan ake kwance kaskon ƙasa. Laushin toka kaɗan a cikinsa ba abin damuwa ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe kuwa shaida ce cewa lalle sai an buɗe. To a nan ne mai mota ya kamata ya je garejin da kansa ya ga wurin. Bwat da aka buɗe ƙarƙashin itace, a kan buhu, cikin ƙurar hunturu, ta riga ta lalace tun ba a mayar da ita ba, domin ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe hanyar mai. Ɗaki ake so mai rufi, da tebur mai tsabta. A jera ƙananan ƙwallaye da sifirin na cikin faranti yadda aka same su, don kowane ya koma raminsa. A sauya dukan robobi, ko da sun yi kama da masu kyau. A jiƙa sababbin fayafayai cikin mai kafin a sa su, a auna tazarar da ke tsakaninsu da ma'auni. A wanke tulu da bututun sanyaya, in ba haka ba dattin jiya zai komo ya ci aikin yau. Wajen ɗorawa kuma, in tulu bai zauna sosai cikin famfo ba aka ɗaure kusoshi, famfon ya fashe tun kafin a tada mota.

Wasu sukan gwammace su aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, a sayo wata bwat ta hannu. Ba laifi, amma a tabbata lambar da ke jikinta ta dace da ta motar, a kuma yi sharaɗin mayarwa gaban shaidu. Masu cewa a mai da motar mai giyar hannu, su lissafa kuɗin kuloci, da feda, da sandar da ke kai juyi ga ƙafafun baya kafin su yanke shawara.

Kamfanin ya ce a sauya mai da matatarsa kowace kilomita 60.000. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Yamai cikin zafin bazara, ko mai shiga rairayin ƙauyuka ranar kasuwa, gara a yi mata a rabin haka.